Takardar Sallamar Auta

Ƙanwata Auta ta shekara huɗu tana aiki a ɗakin ba da magani na wani asibitin kuɗi. Ranar wata Talata ta ɗauko maganin tarin yara, farcenta ya ɗaga takardar jikin kwalbar, sai ga wata a ƙarƙashi. Ashe maganin ya lalace tun bara, an liƙa masa sabon kwanan wata.

Auta ba ta iya haɗiye magana ba, tun tana ƙarama haka take. Ta kinkimi kwalin maganin ta dire gaban manaja, ga iyaye mata a layi suna kallo, ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan za mu ɗura wa 'ya'yan mutane?"

Washegari aka miƙa mata takardar sallama, layi biyu kacal: an kore ta saboda aikata abin kunya a wurin aiki. Manajan nan ba wawa ba ne. Da rashin ladabi ya rubuta, da an ce yarinya ce mai tsiwa, a wuce wurin. Amma a ce budurwa ta yi abin kunya, kowa ya san inda ido ke sauka.

Kafin sati ya zagayo maganar ta riga mu isa unguwa. Na raka ta asibiti uku neman aiki. Ko'ina sai a karanta takardar, a saci kallon cikinta, a ce za a neme ta. Saurayinta ya daina ɗaga waya. Ni kuwa na bi gida-gida ina zancen kwalba da kwanan wata har bakina ya bushe, mutane na gyaɗa kai suna cewa Allah dai ya rufa asiri. Ban taɓa jin addu'ar da ta ƙona min rai kamar wannan ba.

"Yaya, ki bar wahalar da kanki," in ji Auta. "Tunda Umma ta san ni, ya ishe ni."

Ranar Lahadi da hantsi muna ninke wanki, Umma ta shigo ta tura ƙofa. Ta zauna bakin gado, ta riƙo hannun Auta, idonta jawur.

"Autata, ni na haife ki, ba zan taɓa gudunki ba. Abu ɗaya nake roƙo, ku da kuka san magunguna, kar ki sha komai, kin ji? In ya zo, ni zan raine shi."

Auta ta buɗe baki, ta rufe.

"To, Umma," ta ce.