Jirgin Baba a Cikin Leda

Kjell ne ya bugo mini waya ranar Talata, ina tsaye bayan kanta a kantin maganin da nake aiki a Bergen. Shi yake tara itacen wutar Sankthans, babbar wutar bikin tsakiyar bazara, a tsibirinmu tun muna 'yan makaranta, kuma har yau bai koyi gaisuwa ba.

"Torunn, jirgin nan na babanku," in ji shi. "In ba abin da za ki yi da shi, ki ba mu mu ɗora a wutar bana. Shekara uku yana kwance a bakin ruwa, har yara sun fara tsoronsa."

Na ce masa ya ɗora tsohuwar motarsa, na kashe wayar.

Ba wani laifi ya yi ba. Jirgi in ya gama aikinsa, wutar tsakiyar bazara ce makomarsa. Na kakanmu ma haka ya tafi, muna tsaye muna kallo ana ta waƙa. Amma Terna, jirgin Baba, bai gama aikinsa ba. Jirgin katako ne mai jan ƙyalle, wanda iska kaɗai ke tura shi, kuma Baba ya saye shi tun kafin a haife ni. Yayana Halvard yana da shekara tara ya fara shigarsa, bai daina ba sai da Baba ya kwanta ciwon ajali. Ni kuwa ko ƙafa na sa a ciki sai hanjina ya juya. Da aka karanta wasiyya, sai ga gida an bar wa Halvard, jirgi an bar mini. Kunnuwan Halvard suka yi ja. Ba wanda ya san dalilin Baba, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi, irin daɗin nan mai ɗan mugunta a ciki. Shekara da shekaru ina tsaye a gaɓa ina kallon bayansu su biyu.

A sanyin da Baba ya rasu ne guguwa ta yaye rufin rumfar jirage, aka jawo Terna aka ɗora shi a kan gumagumai a sarari. Da na zo a kakar da ta biyo baya, na tarar Halvard ya jera masa wasu tsofaffin kwanonin rufi a sama, ya danne da duwatsu, gefe da gefe a buɗe, iska na shiga tana fita. Har tsuntsu ya yi sheƙa a ciki. Raina ya yi mummunan ɓaci. Na watsar da kwanonin, na shiga jirgin fito na sayo leda mai kauri, na naɗe Terna tun daga goshi har wutsiya, na liƙe ko'ina da salatif, ko allura ba za ta shiga ba. A wurin aikina abin da ba a rufe ba lalatacce ne. Halvard ya sauko ya tsaya yana kallona, hannuwa cikin aljihu.

"Torunn, katako fa..."

"Kada ka sake taɓa shi," na ce. "Ni aka bar wa, ba kai ba. Da ka iya riƙo, da kai za a bar wa."

Ya juya ya koma gida. Tun daga ranar maganarmu ba ta wuce ta katin Kirsimeti ba.

Ranar Alhamis na isa tsibirin, saura kwana biyu a kunna wuta. Ban shiga gida ba, na wuce wurin tsoho Ottar, wanda ya ƙera rabin jiragen garin kafin hannunsa ya fara rawa. Na same shi a bakin ƙofa yana shan gahawa, na zauna na wanke Halvard tas a gabansa. Na ce mutum yana kwana taku ɗari daga jirgin ubansa, amma ya bari har mutanen gari suna roƙonsa a matsayin makamashi. Ottar yana ta saurare yana gyaɗa kai. Da na gama sai ya ce in ɗauko masa wuƙarsa a kan taga.

Muka gangara a hankali, yana dafe da kafaɗata. Halvard ya hango mu daga lambu, ya biyo mu a baya ba tare da an kira shi ba. Ya yi furfura fiye da yadda na bar shi.

Ledar ta koɗe ta yi kore, amma salatif ɗina yana nan daram, har na ji wani ɗan alfahari. Na tsaga ta da almakashi. Warin da ya buso ya sa na ja da baya, irin na ɗakin ƙasa da aka daɗe ba a buɗe ba. Ruwa ya kwanta a cikin jirgin ya kai idon sawu, baƙi ƙirin. Wani farin abu kamar auduga ya bi haƙarƙarin jirgin ya haura. Kujerar da Baba yake zama wajen tuƙi ta kumbura ta dare.

Ottar ya matsa kusa. Ya buɗe wuƙa ya fara zagaya jirgin yana soka tsininta. A wani wuri ta tsaya, a wani wuri ta shige har ƙota kamar ya soka a burodi. Duk sukar da ta shige sai in ji ta a cikina.

"Wane shashashan ne ya naɗe shi a leda?" ya tambaya, bai ɗago ba.

Ya sani sarai. Duk tsibirin an sani, tunda a gaban kowa na yi. Na dubi Halvard, shi kuma yana duban teku.

"Ni ce," na ce.

"Ke ce. To, 'yar Sverre, sannu da aiki." Ya goge wuƙar a wandonsa. "Jirgin nan ya yi shekara sittin a ruwan gishiri bai ce miki komai ba. Gishiri ba ya cin katako. Ruwan daɗi ne ke cin sa, in ya samu wurin da iska ba ta shiga. Rana ta bugi ledarki ya yi gumi, dare ya yi gumin ya sauko, haka kullum har shekara uku. Dafa shi kika yi. Kwanonin nan da kika zubar, su ne daidai."

Na sunkuyar da kai. Awa ɗaya da ta wuce ina zaune ina zagin Halvard a gaban wannan mutumin, ya bar ni na yi ta zuba har na gaji. Kunya ta kama ni har wuyana ya yi zafi.

"Zai gyaru?" na ce da ƙyar.

Ottar ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya bi ƙashin bayan jirgin da wuƙa, dogon katakon nan na ƙasa da komai ke tsaye a kansa. Ya daɗe a wurin.

"Wannan da ransa. Alluna huɗu a dama sun mutu, biyar a hagu, haƙarƙari shida. Sanyi biyu za ki yi a kansa, in kina zuwa duk Asabar. Katako ina da shi a bayan gida, ya fi ni bushewa. Amma ba aikin mutum ɗaya ba ne." Ya nuna mini kawunan ƙusoshin jan ƙarfe da suka jeru a jikin jirgin. "Kowace ƙusa mutum biyu take so. Ɗaya a waje ya danne kanta da dunƙulen ƙarfe, ɗaya a ciki ya buga bakinta da guduma har ya baje. In na waje ya saki, aikin banza ne. Sun fi dubu. Ni ki duba hannuna, ko cokali yaƙi muke yi da shi. Abin da zan iya shi ne in zauna a kujera in riƙa zaginku."

"Ba wani a gari?"

"Akwai masu iya kunna inji. Wanda ya iya riƙe ƙarfe mutum ɗaya ne, ga shi can yana ƙirga igiyar ruwa." Ya miƙe yana nishi. "In babu na biyu, ki ba Kjell. Ya fi mutunci da ya ƙarasa ruɓewa a nan."

Na raka Ottar gida, sannan na shiga gidanmu karo na farko cikin shekara uku. Halvard yana kicin yana gyaran kifi. Ya turo mini kofi da butar gahawa ba tare da ya juyo ba. Na zo ne da niyyar ba da haƙuri, har na shirya kalmomin a hanya, amma ina buɗe baki sai wani abu daban ya fito.

"Ka san abin da ledar za ta yi."

"Na sani."

"Kullum kana wucewa ta wurin."

"Sau biyu a rana."

"Haba, Halvard! Wuƙa kawai za ka sa ka tsaga gefe ɗaya. Wa zai gaya mini? Ko da na ji, me zan yi maka, duka?"

Ya ajiye wuƙar ya juyo. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Cewa kika yi kada in taɓa."

"Wannan ba dalili ba ne, kai ma ka sani."

"Ba dalili ba ne," ya ce. "Kina son gaskiya? Sanyin farko na sauka da wuƙa a hannuna. Na leƙa na ga gumi yana ɗiga daga ciki. Na tsaya a wurin har yatsuna suka sandare, sai na mayar da wuƙar aljihu. Na ce bari ta zo ta gani da idonta. Bari Baba ma ya gani, in ana gani daga can, ga wadda ta iya riƙo." Ya dafa bakin teburi. "Shekara talatin da biyar ina kankare masa jirgin nan, ina shafa kwalta, ina kwashe ruwa. Ko kalma ɗaya bai ce mini ba kafin ya mutu. A bakin lauya na ji. Kullum in na wuce ina jin warinsa, Torunn. Ke ba ki sani ba kika yi. Ni ina sane."

Ya koma ga kifinsa. Na zauna da gahawar da ban sha ba. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, na rasa wanda ya fi yawa.

"Ka ɗauke shi," na ce. "Naka ne. Dama can kai ya kamata."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Yanzu? Da ya ruɓe?"

Na tashi na ɗauko faranti. Muka ci kifin da dankali, ƙarar cokula kawai ake ji.

Ranar Juma'a na yini a wurin jirgin ni kaɗai. Na kwashe baƙin ruwan da bokiti, na janye ledar gaba ɗaya na tura ta cikin shara. Ina yi ina lissafin abin da ke gabana. In na ba Kjell, gobe war haka an gama, in koma Bergen, Halvard ya ci gaba da aiko kati duk shekara har ɗayanmu ya mutu. In na hana, ban san ko guduma zan iya riƙewa ba, kuma dole in roƙi mutumin da ya tsaya yana kallon jirgin ubansa yana mutuwa don ya ƙona mini rai. Shi kuma dole ya yi aiki da wadda ta kashe shi. Halvard bai sauko ba duk yinin, sai dai na ga labulen kicin yana motsi.

Asabar da safe Kjell ya iso da tarakta da igiyoyi, yana ta fara'a.

"To, 'yar birni, an yanke shawara? Jama'a na jira. Bana ba mu da abin kirki, sai karyayyun kujerun coci."

"Ba na bayarwa," na ce. Ni kaina sai da na ji maganar ta fito sannan na san na yanke.

Kjell ya kashe injin. Ya leƙa cikin jirgin ya yamutsa fuska.

"Gyara za ki yi? Ke? Wa zai riƙe miki ƙarfe?"

Halvard ya sauko, yana tsaye a kan dutse a bayanmu da kofinsa. Na juya na dube shi. Ban iya roƙo ba, ban taɓa iyawa ba, amma na dube shi ban kawar da ido ba. Kjell ya kalle ni, ya kalle shi, ya sosa ƙeya, ya tada tarakta ya tafi abinsa.

Sai da ƙarar ta ɓace Halvard ya zubar da sauran gahawarsa a kan ciyawa. Ya matso ya ɗora tafinsa a jikin allon da ya fi ruɓewa.

"Asabar kawai," ya ce. "Daga Satumba. In kika fasa zuwa sau ɗaya, ni da kaina zan kira Kjell."

"To."

"Kuma ke za ki riƙe guduma."

"Ni? Ban iya ba. Kai ne ka san inda..."

"Za ki koya, Ottar zai zage ki har ki iya." Ya janye hannunsa ya goge a riga. "Mai guduma a ciki yake zama. Ni a waje zan tsaya. Ba zan sake sa ƙafata cikin jirginki ba, Torunn, ko bayan an gama."

Na buɗe baki, na ga ba wasa a fuskarsa. Na ce to.

Ya ce in kama masa ɗaya gefen, muka fara jawo tsofaffin kwanonin daga cikin ciyawar da na zubar da su.