Tagar Ɗakin Baya

Tun da hukuma ta kafa dokar hana hayaƙi a cikin unguwa, hankalin Kaka bai ƙara kwanciya ba. Ɗanta, Mai Batir, sana'arsa fasa tsofaffin baturan mota, ya narka dalmar ciki ya sayar. Da a ƙofar gida yake aikinsa. Da ma'aikata suka fara zagaye suna garƙame duk inda suka hango hayaƙi, sai gogan naka ya kwashe murhu da tukunya ya kai ɗakin baya, ya toshe taga da tsummoki. Wai shi mai dabara. Bangon ɗakin kuwa bai kai rufi ba, kuma a bayansa ɗansa yake kwana.

Aku ake ce wa yaron saboda surutu. In Kaka ta ce, "Maigidana, ina cefanen?" sai ya ce ya sake ta, ta tsufa. Yanzu fa sai ya zuba mata ido, baki buɗe. Ƙirgen da ya iya ya zube. A aike shi ɗauko cokali, ya tsaya a tsakar gida ya manta abin da ya fito nema.

Ta goya shi har asibiti. Malamar jinya ta duba jininsa, ta tambayi aikin uban, ta ce hayaƙin dalma ƙwaƙwalwar yaro yake ci, kuma abin da ya ci da wuya ya dawo. Tsoro ya kama Kaka.

"Inna, ki rufa mini asiri," in ji Mai Batir da ta gaya masa. "In suka rufe ni, me za mu ci? Ai yaro ne, zai ware."

Washegari da hantsi ya hura wuta kamar kullum. Kaka tana wanki ta ji an ce motar ma'aikata ta shigo layi. Ta dubi Aku yana zaune jikin bangon nan yana tari. Ta miƙe, ta zagaya baya, ta fizge tsummokin, ta banke tagar. Hayaƙi ya turnuƙe sama, motar ta ja birki.

Mai Batir ya fito idanu jawur.

"Inna, kin kashe ni!"

"Na sani," ta ce, hawaye na zuba. "Kai ka riga ka girma."