Ermes Bai Tsaya Ba

Tun kafin jirgi mai saukar ungulu ya fara kewaya saman garinmu Mama ta sa na fitar da teburin kicin bakin titi, ta shimfiɗa masa farin ƙyallen da ba ya fitowa sai ranar Ista. Sau uku tana matsar da farantin kek ɗin tuffa, daga tsakiya zuwa gefe, daga gefe zuwa tsakiya. Ni kuma na kasa zaune na kasa tsaye, sai leƙen kwanar coci nake yi kamar ni ce a kan keken.

"Nives, kin tabbata zai tsaya?"

"Mama, sau nawa zan faɗa miki? Da bakinsa ya ce."

"To yanka masa babba. Wannan da kika yanka ai na masu jinya ne."

Akwai al'adar da ta girmi duk wani mai tseren keke a ƙasar nan. Idan tsere ya ratsa garinku, sai ka nemi izinin ayarin 'yan tseren, su sassauta, ka yi gaba kai kaɗai, ka tsaya ka rungumi mahaifiyarka, ka ɗan taɓa abin da ta ajiye maka, ka jira su iso ka koma cikinsu. Ba a rubuta ta a ko'ina ba, amana ce kawai. Yau ƙanena Ermes ne zai karɓi tasa.

Shekara uku ke nan rabonsa da abincin Mama. Idan ya zo hutu da ɗan sikelinsa yake zuwa, ya auna shinkafa kamar mai auna gwal, ya ture tuwon masarar da ya girma a kansa. Likitan ƙungiyarsu ya ce kowane kilo kaya ne da za ka hau dutse da shi. Mama, da yanar ido ta rage mata gani, da hannu take duba ɗanta. Ranar Kirsimeti ta shafa kuncinsa, ta ji ƙashi, ta shige kicin ta daɗe ba ta fito ba.

* * *

Loris shi ne abokin hamayyarsa a ƙungiyar. Ɗan ƙauyen da ke tsallaken gada ne, tare suka koyi keke da Ermes, kuma ya ci tuwon gidanmu har Mama tana ce masa ɗan haya. Bana manajan ƙungiyarsu ya tashi ya ce jagora biyu gare shi. Da 'yan jarida suka tambaye shi wane ne na gaba, sai ya yi murmushin nan nasa ya ce hanya ce za ta zaɓa. Na tsani mutumin nan, ban ɓoye wa kowa ba. Ya san sarai abin da yake yi: ya saka yara biyu a ɗaki ɗaya, kowanne yana leƙen farantin ɗan'uwansa, kowanne yana rage loma don kada ɗayan ya fi shi sauƙi a kan dutse.

Zuwa yanzu tazarar daƙiƙa goma sha ɗaya Loris ya ba Ermes a gasar. Wanda yake baya a ƙarshen tseren yau, shi zai koma ɗauko wa ɗayan gorar ruwa daga mota har a gama gasar.

Babanmu Tarcisio ya san wannan aikin, shekara goma sha biyu ya yi yana yi wa wasu. Shekaranjiya na ji shi a waya cikin gonar inabi yana yi wa Ermes faɗa.

"Mai ɗaukar ruwa ba ya da suna, ka ji ni? Ka tambaye ni, ni na sani!"

Yau kuwa tun safe ya ɗauki hularsa ya ce zai je ya dawo. Kujerarsa tana nan a gefen teburi babu kowa.

* * *

Babura suka fara wucewa da jiniya. Maƙwabciyarmu Ottavia, da ta jingina ƙaramin talabijin a tagarta, ta ƙwala mini kira.

"Sun saki Ermes! Loris ne ma ya je gaba ya roƙar masa. Kin ga yaron kirki, har da dafa masa kafaɗa!"

Sai ga shi ya karyo kwanar coci shi kaɗai, gari ya ɗauki ihu. Mama ta sauka daga dakali, faranti a hannu biyu, tana murmushi wajen da hayaniyar take. Ni ce na fara ganin abin da ba daidai ba. Mai niyyar tsayawa yana miƙewa zaune, ya saki hannu. Ermes kuwa ya kwanta a kan keken, haƙora a waje, kansa a ƙasa.

Iskarsa ce kawai ta ɗaga gefen ƙyallen. Ko waiwaye bai yi ba.

Can ƙarshen layi, inda hawan dutse ya fara, na hango hular Baba tana lilo a sama. Muryarsa ta keto duk ihun.

"Tafi! Tafi, kada ka juyo!"

"Ya iso ne?" in ji Mama. "Nives, wa ya wuce?"

Na kawar da kai don kunya da haushi. Bayan minti biyu ayari ya iso yana neman mutum a tsaye a bakin teburi, babu shi. Na ga Loris ya dubi Mama da farantinta, ya dubi hanya, fuskarsa ta canza. Wani daga cikinsu ya yi zagin da ba zan maimaita ba, sannan mutum ɗari da wani abu suka miƙe a kan kekunansu lokaci ɗaya suka bi bayansa.

* * *

Muka taru a tagar Ottavia. Kilomita tara Ermes ya yi yana gaba, mai sharhi yana cewa bai taɓa ganin irin wannan cin amana ba, amma fa yaron yana tashi sama. Daga nan keken ya fara tangaɗi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, shi kuwa cikin nan babu komai sai kofi da lomar da sikeli ya yarda da ita. Loris ya wuce shi bai ko kalle shi ba. Ayari ya wuce, babu wanda ya miƙa masa ko ƙwayar alewa. Motar ƙungiyarsu ma ta kauce masa ta bi bayan sabon jagora.

Ya sauke ƙafa ɗaya a ƙasa. Na ga ƙanena, a gaban duk ƙasar nan, yana miƙa hannu ga 'yan kallo yana nuna bakinsa. Wata mata mai jar riga ta buɗe jakarta ta ba shi burodi da cuku. Ya riƙe da hannu biyu yana turawa, yana ci yana kuka.

Baba ya dawo ya zauna a kujerarsa, hula a gwiwa. Babu wanda ya ce masa sannu.

Mama ta ja hannun rigata. Har yanzu farantin yana hannunta.

"Na ji an yi shiru. Me yake yi?"

"Yana cin abinci, Mama."

"Da gaske? Yana ci sosai?"

"Sosai."

"To, na gode wa Allah. Wa ya ba shi?"

"Wata mata ce. Ban san ta ba."

Ta gyaɗa kai. Ta lalubi teburin ta ajiye yankan kek ɗin, ta jawo gefen farin ƙyallen ta rufe shi saboda ƙuda.