Ramin da Ke Bayan Gidanmu

Ambaliyar bara ta cinye mana ɗaki biyu a Gashua. Baba da Inna suka koma ɗaki guda da ya rage, shi ma bangonsa a tsage. Da rani ya kama, na ɗauki hutu daga aikina na injiniya a Nguru, na taho da zanen sabon gini.

Wata biyu na yi ina wannan zane, kuma ba zan ɓoye ba, ina ji da shi. Bulon jar ƙasa don rage zafi, tagogi masu kallon juna, harsashi mai tudu. Tsohon ramin da ke bayan gidanmu kuwa, inda kakanni suka ɗebi ƙasar gini, na ce a cike shi a huta da sauro.

Baba, Malam Abatcha, ya juya takardar sama da ƙasa.

"Rumaisa, in kin cike ramin, ruwan ina za shi?"

"Gangare zai bi, Baba."

"Gangaren gidan wa? Ya Fanne tana ƙasa da mu, ba miji, ba ɗa a kusa. Ba zan tsaya gaban Allah da ruwan da na kora wa maƙwabciya ba."

Raina ya ɓaci. Ni na zo da lissafi, ana yi mini wa'azi! Saura wata uku damina, kuma na san bangon nan ba zai kai su lokacin kaka ba. Na ce masa tsoron Allah ba ya auna gangare. Ya ce to ni da na iya, in je in auna.

Washegari na ɗauki na'urar awo don in rufe masa baki. Na bi lungu har ƙofar Ya Fanne. Na auna sau uku, domin na farko bai yi mini daɗi ba. Duk ruwan da ramin yake shanyewa, tsakar gidanta zai sauka. Lissafina bai yi ƙarya ba, amma a katangarmu ya tsaya. Kunya ta kama ni.

Muka bar ramin. Na sa aka zurfafa shi, aka ɗaure bakinsa, aka zuba tarwaɗa don 'ya'yan sauro. Baba ma bai sha ba: zaurensa da ya so a bari yadda ya gada, sai da na ɗaga shi matakala uku. Har yau yana mita, wai na ɗora shi a kan mumbari.

A watan Agusta aka wuni ana ruwa. Ina Nguru, waya ta ƙi shiga. Da safe na shiga motar farko. Na tarar da gidanmu tsaye, ramin ya cika har baki. Ban ko gaisa da kyau ba na zarce lungu, Baba yana bina.

Ya Fanne tana zaune a tsakar gidanta tana yanka kuɓewa, ɗakinta a bushe. Na sauke ajiyar zuciya.

"Yauwa, 'yar nan, gara da kika zo," in ji ta. "Kwaɗin ramin nan naku sun ishe ni. Ke da kika yi boko, ba za ki cike shi ba?"

Na buɗe baki zan yi bayani. Baba ya girgiza mini kai.

"Ki yi haƙuri da mu, Ya Fanne," ya ce.