Jitar Obadiya a Katifar Amarya

Kafin kowa a tashar Azare ya lura, Baba Jalo ya riga ya gani. Motar Jos ba ta gama tsayawa ba ya nuna wani kwali a samanta, ƙarƙashin buhunan dankali, ya ce, "Abin da ke cikin nan tun a Bauchi ya mutu."

Shekara talatin yana ɗaurin kaya a tashar nan. Bai taɓa zama a aji ba, amma sau uku mota na kifewa da shi yana tashi da ƙafarsa, kuma ba mai shan shayi kusa da shi da bai ji labarin ba.

Malam Silas, akawu a ofishin gona, ya yage kwalin. Jita ce ƙanensa ya aiko, saboda bikin 'yarsa Roda gobe a Katagum. Wuyanta ya karye, wayoyin sun cukuikuye.

"Har ɗaure wayoyin ya yi tamau, wai ina buɗewa sai kiɗa," in ji Silas. "Baba, alkawari na yi wa yarinyar nan. Waƙar da na kaɗa wa uwarta ranar aurenmu."

"Ƙanenka ne ya kashe ta. A ja tsirkiya, a ɗora dankali, a bar wa rana? Ko ni da na kife sau uku ba a yi mini haka ba."

Silas ya fita a guje. Kafin azahar ya dawo da Obadiya, shugaban mawaƙan cocinsu, rungume da tasa jitar kamar za a ƙwace. Mota ɗaya ta rage zuwa Katagum, a-kori-kurar Babayo, maƙare da kayan amarya. Su biyun kuwa a babur za su bi ta gobe da safe.

"Ita kaɗai ta rage mana a garin nan," in ji Obadiya. "In ta karye, ba waƙa."

Jalo ya karɓa, ya shiga sassauta wayoyin ɗaya bayan ɗaya.

"Kai, Baba! Kwana biyu na yi ina saita ta!"

"Ka ƙara biyu. Masu garayar da nake ɗaura wa kaya zuwa Shira, ba wanda ke hawa mota da tsirkiya a ɗame."

Ya kwance rawaninsa ya naɗe wuyan, ya kwantar da ita a tsakiyar katifar amarya, ya ninke. Igiya ya sa a baki da baki, bai yarda ta bi ta tsakiya ba. Motar ta tashi.

Daga nan zama ya gagari Jalo. Gaskiyar da bai faɗa wa kowa ba, yau ya fara taɓa jita. Garaya ƙwarya ce da fata, wannan kuwa katako ne siriri kamar kwalin ashana. Ya je bakin titi ya dawo, ya sake komawa. Hadari ya haɗo ta wajen Katagum. Yakaka mai abinci ta ajiye masa shinkafa da wake har ta huce.

"Yau bakin ya mutu ne, Baba?" ta tsokane shi.

"Hutawa yake yi."

Obadiya na zaune a benci, idonsa bai bar kan Jalo ba.

Dab da magariba Babayo ya shigo, taɓo har ƙofa. Jalo ya riga kowa isa.

"Rami muka faɗa," in ji Babayo. "Madubin amarya ya tarwatse, tulu biyu sun fashe."

"Katifar fa?"

"Amarya da kanta ta kwance. Ko ƙwarzane babu. Sai dai ta ce a tambayo wane mugu ne ya lalata wayoyin." Ya miƙa masa rawaninsa.

Obadiya ya fashe da dariya. Jalo ya naɗa rawanin a hankali, ya jawo kwanon shinkafar, sannan ya ɗaga murya yadda duk tashar za ta ji.

"Tun farko na san haka za a yi. Mai musu ya kawo ɗanyen ƙwai da dankali buhu goma gobe, ya zaɓi direban da ya fi kowa hauka. Ina nan."