Riyalin Gwaggo Mtumwa

Babu abin da ke ɓata wa Shaame rai kamar tsohuwa ta shigo shagonsa da ƙulli a bakin zane. Ya san abin da ke ciki: tsofaffin kuɗin azurfa da aka huda aka rataya a wuyan amare har rubutunsu ya shafe. Masu tara tsofaffin kuɗi da ke zuwa Zanzibar ko kallon hudajje ba sa yi. Sai dai ya biya kuɗin nauyin azurfar, ya kuma sha zagi.

Ta yau kuwa ƙanwar mahaifinsa ce, Gwaggo Mtumwa, wadda ba ta koruwa.

"Gwaggo, duk an huda su," in ji shi, yana tura su gefe da yatsa.

"To da me za a rataya? Da yawu? Kakarka ta sa su ranar aurenta. Kai yaro ne."

Yaron da ya haura hamsin ya ci gaba da tona ƙullin.

Can ƙasan ƙullin sai ga riyalin zamanin sarakuna, lafiyayye, ba huji ba karce, baƙin tsufansa na nan yadda masu saye ke so. Tun yana saurayi yake neman irinsa, sau ɗaya ya taɓa gani, a bayan gilashi a Mombasa. Amma ɗan kasuwa ba ya yabon abin da yake so, sai ya taɓe baki.

"Wannan kam dubi yadda ya yi baƙi ƙirin. Ko huji ba shi da shi, wa zai rataya? Bar shi nan in haɗa miki da sauran."

Ta fizge abinta, ta ce ba ta sayar da komai sai ta yi shawara da 'yarta. Ya so ya bi ta ya faɗi gaskiya, kunya ta hana. Ranar ko gahawarsa bai iya sha ba don takaici.

Ran Asabar ta dawo da fara'arta, ta zauna ba a ce ta zauna ba.

"Na ga ranka ya ɓaci rannan. Ni ba zan kawo wa ɗan yayana kaya mai aibi ba."

Ta kwance ƙullin. Riyalin na ta walƙiya kamar sabon faranti, an dirje shi da toka da lemun tsami. A samansa, daidai kan rubutun, ga huji fes.

Shaame ya ɗaga riyalin, ya leƙa ta hujin.

"Ai maƙerin nan da na kai wa ɗan rainin wayo ne," in ji ta. "Da farko ƙin hudawa ya yi. Ya yi ta roƙona in sayar masa yadda yake, har da rantse-rantse. Na ce a'a, huda, wannan na ɗana ne."