Kwandon Ustaz Fikri

Kwandon ya sauko yana juyawa, ya zo daidai barandata, ya wuce. Na bi shi da ido har ƙasa, inda Dakta Girgis mai kantin magani ya miƙa hannu ya ciro littafin, ya ɗago kai yana murmushi.

"Barka da yamma, Ustaz Hazem! Yau ma ba za ka hau ba?"

"Ina da aiki," na ce.

A layinmu na unguwar Shubra, burodi da kayan miya kowa yake jawowa saman bene da kwandonsa. Ustaz Fikri na hawa na uku shi kaɗai ne mai sauko da littafi. Tun da idonsa ya tafi, kullum bayan la'asar sai ya zura igiya da tsohon littafin nan na Ingilishin zamanin da, na matafiya masu ba juna labari a hanya. Wanda kwando ya tsaya a gabansa, shi zai hau ya karanta masa. Ni a hawa na biyu nake, kuma wannan littafin nake koyarwa a jami'a. Amma kwando bai taɓa sanin ƙofata ba.

Abin da ya haɗa mu, gaskiya na faɗa masa. Shekara da shekaru yana koya wa yara furucin da wani Bature ya ba shi, bai taɓa tambayar ko daidai ne ba. Masana sun daɗe da gano yadda mutanen wancan zamanin suke furta kalmominsu, shi yana nan yana rerawa kamar waƙar biki. Irin wannan sakacin ne ya kwantar mana da makarantu. A gaban mutane na faɗa, kuma gobe ma zan faɗa. Girgis kuwa ɗalibinsa ne tun sakandare, ya gaji kurakuran kaf, ya ƙara da nasa. Kullum ta saman ɗakina nake jiyo dariyarsu, alƙalami ya tsaya mini a hannu.

Ranar Laraba kwandon ya tsaya a barandata. Cak. Ban jira ba, na ɗauke littafin na hau da gudu.

'Yarsa Nagwa ta buɗe ƙofa, ta dube ni, ta rage murya. "Ƙarfinsa ne ya ƙare, igiyar ba ta kai ƙasa ba."

Na ji ta sarai. Na shiga.

Yana kwance an tokare shi da matasai, shayinsa ya huce a gefe. "Girgis?"

"Hazem ne, Ustaz."

"A'a, mai gyaran duniya! To tunda ka tare hanya, zauna ka karanta."

Na buɗe inda suka tsaya. Na ba kowane harafi haƙƙinsa, har waɗanda shi yake haɗiyewa. Bai motsa ba sai da na kai ƙarshen shafi.

"Daidai ne," ya ce. "Wallahi daidai ne. Baturen nan ya cuce ni."

Zuciyata ta cika. Na juya shafi.

"Amma ɗana, mutanen nan a kan dawakai suke, sun ci sun ƙoshi, suna tsokanar juna. Kai kuma kamar alƙali yana karanta musu hukunci. Nagwa, kira min Girgis ya zo ya ɓata shi, in samu in yi dariya."

Girgis ya hau yana haki, farar rigar aikinsa a jiki. "Ustaz, ka ci amanata da ɗan jami'a?"

"Rufe mana baki, mai sayar da guba. Karanta."

Ya karɓi littafin daga hannuna. Ya yi muryar tsohuwa, ya yi ta mashayi, yana tuntuɓe a kowane layi. Tsohon ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi, ya laluba ya riƙe hannun Girgis. Ni ina tsaye bakin ƙofa, babu wanda ya ce in zauna.

Da safiyar Juma'a Ustaz Fikri ya cika.

Bayan an tashi zaman makoki, wata la'asar na ji igiya tana gogar ƙarfen baranda. Nagwa ce a sama. Kwandon ya sauko a hankali, littafin a ciki, ya zo kusa, har ina iya karanta sunan da ke bangonsa. Ya wuce. A ƙasa Girgis ya tsaya, hannuwansa a cikin aljihu, kwandon yana juyawa a gabansa.